Fitilar Walƙiya: Abokiyar Aikin Mai Hoto Da Ba Kowa Ya San Halinta Ba

Duk wanda ya taɓa halartar ɗaurin aure ko suna ya san mai hoto, da kyamara rataye a wuya, da wani ɗan akwati a bisanta wanda ke walƙiya duk sa'ad da ya danna. Wannan akwatin shi masu sana'ar ke kira filash, watau fitilar walƙiya, kuma sau da yawa a kanta mutuncin mai hoto ke tsayawa ko ya zube. Idan tela ya ɓata riga ana iya sake ɗinki, amma ba a sake ɗaura aure don hoto bai fito ba.

Masu hoton dā sun sha wuya kafin a kai ga wannan fitila. A 1887 wasu Jamusawa biyu, Adolf Miethe da Johannes Gaedicke, suka haɗa wata hoda wadda ake cinna wa wuta ta ba da haske, sai dai tana tafe da hayaƙi da ƙuna. Wajen 1930 aka shiga sayar da ƙwan fitila mai ƙonewa sau ɗaya a jefar. A cikin shekarun nan ne kuma Harold Edgerton na Amurka ya inganta fitilar lantarki mai walƙiya a kai a kai, wadda ita ce kakar ta yau. Aikinta shi ne ta zuƙi wuta daga batir, galibi guda huɗu, ta tara ta, sa'an nan ta sake ta gaba ɗaya cikin wani siririn bututu mai iskar zinon, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Mai karatu zai ce, ai kyamarori da yawa suna da tasu fitilar a jiki. Haka ne, amma ba ta da ƙarfi, kuma tana dab da gilashin kyamara, shi ya sa takan mai da ƙwayar ido ja, fuska kuma ta fito a baje. Wadda ake ɗorawa daga waje ta fi ta nisan zango, kana kanta yana juyawa sama da gefe.

Ana gane ƙarfin kowace fitila da wata lamba da kamfani ke rubutawa. Idan lambar 36 ce a ma'aunin mita da ISO 100, aka kuma saita ƙofar gilashi a kan f/8, sai a raba 36 gida 8, a sami mita huɗu da rabi. Nan ne iyakar inda hasken zai kai yadda ya kamata. A kuma tuna, idan nisa ya ninka biyu, rubu'in hasken kaɗai ke isa. Abin da ke sa sahun gaba ya yi fari fat, dattawan da ke baya kuwa su nutse cikin duhu ke nan.

Hanyoyin sarrafa ta uku ne manya. Ta farko ita ce ta hannu, mai alamar M, inda mai hoto da kansa zai zaɓi cikakken ƙarfi, ko rabi, ko rubu'i, har zuwa kashi 1 cikin 128 a wasu fitilun. Ita ta fi dacewa da situdiyo, inda kujera da fitila ba sa gusawa. Ta biyu mai alamar A ce: fitilar na da wani ɗan ido a gabanta wanda ke auna hasken da ya dawo, ya yanke walƙiyar da zarar ya isa. Ta uku ita ce TTL, inda kyamara ce ke awon ta cikin gilashinta. Kyamarar Olympus OM-2 ta 1975 ce ta yi fice wajen buɗe wannan hanya. Kyamarorin zamani sukan saki wata 'yar walƙiya ta gwaji tukuna, su auna, kana su saki ta ainihi.

To, a nan ne mai hoton ƙasarmu ya kamata ya buɗe ido. Ma'aunin kyamara bai san ango ba, bai san malam ba. Abin da ya sani kawai shi ne ya daidaita komai zuwa matsakaicin haske. Idan ya ga taron mutane cikin fararen manyan riguna da rawuna, sai ya zaci haske ya yi yawa ya rage walƙiya. Sakamakon haka rigar ta fito toka-toka, fuskoki kuwa su dushe. Maganinsa a ƙara wa fitilar mataki ɗaya ko kusa da haka a maɓallin ƙari da ragi, a duba hoton, a sake gyarawa.

Cikin ɗaki kuwa, gwani ba ya haska mutane kai tsaye. Yakan ɗaga kan fitilar zuwa silin, hasken ya bugi sama ya sauko a tausashe. Sharaɗin shi ne silin ya zama fari kuma ba mai tsawo ainun ba, domin idan kore ne, koren zai sauko a fuskar amarya.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne ana kunna fitilar da rana tsaka. Sa'ad da rana ta take, hula da rawani sukan jefa inuwa a kan idanu, 'yar walƙiya kaɗan ce ke share ta. Amma akwai iyaka: yawancin kyamarori ba sa jituwa da fitila idan saurin ɗauka ya wuce 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa, sai wani baƙin layi ya rufe sashen hoton. Fitilun da ke da tsarin gaggawa, mai alamar HSS, suna ƙetare wannan iyaka ta hanyar sakin walƙiyoyi a jere, sai dai zangonsu yakan ragu ƙwarai.

Gargaɗi biyu. Kada a ɗora tsohuwar fitila ta zamanin fim a kan sabuwar kyamara ba tare da bincike ba, domin wasunsu na tura wutar da ta haura volt 200 ta ƙafarsu, tana iya ƙona kyamarar. Kada kuma wanda ba makaniki ba ya buɗe cikinta, gama takan riƙe wuta mai haɗari ko da an cire batir.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya sayi fitila ya zaunar da ƙaninsa a tsakar gida, ya sa masa farar riga, ya gwada M da TTL da bugun silin har hannunsa ya saba, tun kafin a kira shi biki.