Kumburin Gwiwar da Ƙaho Ba Ya Warkarwa

Har yanzu maganar nan na yawo a majalisu, wai duk wanda likita ya sa wa wuƙa a gwiwa ya yi bankwana da tafiya. Tsoron nan ne ke sa wasu matasa masu kumburin gwiwa su yi shekara da shekaru tsakanin wanzami da kemis, kowa na ce musu sanyi ne.

Cikin abubuwan da ke kumbura gwiwa akwai wani ciwo da ba kasafai ake ganinsa ba, wanda wani masani mai suna Jaffe da abokan aikinsa suka raɗa wa suna PVNS a 1941, yanzu kuma an fi kiransa TGCT. Tantanin da ya lulluɓe gaɓa daga ciki, mai samar da ruwan santsinta, shi ke kauri yana tsiro, yana tsiyayar da jini a ciki. Ya fi kama gwiwa, galibi guda ɗaya, a 'yan shekara 20 zuwa 50. In an zuƙo ruwan gaɓar sai a gan shi ja ko ruwan ƙasa. Hoton ƙashi kan fito lafiya lau da farko, MRI ke tona asirinsa.

Ƙari ne, amma ba ya bazuwa a jiki irin na ciwon daji. Ɓarnarsa a gurbinsa take, yana cin guringuntsi a hankali. Gurguntar da ake ɗora wa tiyata, sau da yawa jinkiri ne ya haife ta.

Iri biyu ne. Wanda ya dunƙule wuri guda, in an cire shi yawanci an rabu ke nan. Wanda ya mamaye gaɓa kuwa tamkar ƙiri-ƙiri ne a gona: bar ɗan saiwa, damina ta dawo da shi. Shi ya sa yakan sake tsirowa bayan tiyata, kuma dole a riƙa komawa ana dubawa. Gashin ƙashi ma wajibi ne. Wanda ya tsere masa saboda zafi, gwiwar za ta sandare, tsugunno da zaman tahiya su gagare shi, ya koma yana zagin likita.

A 2019 Amurka ta amince da maganin pexidartinib ga waɗanda tiyata ba za ta amfane su ba, sai dai yana iya illata hanta, har Tarayyar Turai ta ƙi shi. Maganin vimseltinib ya biyo baya a 2025. Mu a nan kuwa, kafin a kai ga zancen waɗannan magunguna, kuɗin MRI kaɗai ya isa ya mayar da talaka wurin mai ƙaho, ga hukumomi ba su ɗauki abin da zafi ba.