Yaushe Doka Kan Tambayi Jama'a Kai Tsaye? Ƙa'idojin Ƙuri'ar Raba Gardama Kan Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

Garin Moriki tsohon gari ne mai sarauta, amma a tsarin mulki yana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Zurmi, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 14 na Jihar Zamfara. Wane ne ya shata wannan iyaka, kuma an tambayi mutanen Moriki kafin a shata ta? Amsa ita ce ba a tambaye su ba. Haka kuma ba a tambayi mutanen Kaura Namoda ko na Shinkafi ba. Ita kanta Jihar Zamfara, gwamnatin soja ta Janar Sani Abacha ce ta cire ta daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996.

Tun daga 1999 mulki ya koma hannun farar hula, kuma Kundin Tsarin Mulki ya tanadi wasu wurare da dole a koma wa jama'a a ji ta bakinsu ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. A zaɓe mutum ake zaɓa. A ƙuri'ar raba gardama kuwa tambaya ɗaya ake ɗora wa jama'a, su amsa da i ko a'a. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wa ɗalibai da malamansu waɗannan wurare, da kuma lissafin da ke ƙunshe a cikinsu, domin a nan ne ma'anar dokar take.

Dokar da Gari Yake Tafiya a Kanta

A ƙasar Amurka manyan birane da yawa suna da nasu kundin, wanda ya fayyace yawan kansiloli, ikon magajin gari da lokacin zaɓe. A jihohi irin su Kalifoniya ba a gyara wannan kundi sai masu zaɓe na birnin sun amince. Alal misali, a 2015 mutanen birnin Los Anjelas suka kaɗa ƙuri'ar gyara kundinsu don a riƙa haɗa zaɓen birni da manyan zaɓuɓɓukan jiha da na ƙasa, saboda mutane ƙalilan ne ke fita idan zaɓen birni ne kaɗai.

A Nijeriya ba haka abin yake ba. Gari ba shi da kundi na kansa. Sashe na 7 na Kundin 1999 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓun shugabanni ne za su riƙe ƙananan hukumomi, sannan ya ɗora wa kowace jiha alhakin yin dokar da za ta tsara kafa su, fasalinsu, kuɗinsu da ayyukansu. Wato abin da ya yi daidai da kundin gari a Zurmi shi ne dokar ƙananan hukumomi ta Majalisar Dokokin Jihar Zamfara. Majalisa tana iya gyara wannan doka, har ma ta sauya wa'adin ciyaman da kansiloli, ba tare da ta nemi ƙuri'ar kowa ba. Alhali kuwa ƙaramar hukuma ce Kundi ya danƙa wa kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, mahauta da rajistar haihuwa da mutuwa, ga kuma hannu a makarantun firamare da asibitocin karkara.

Wurare Uku da Ake Komawa ga Jama'a

Kundin 1999 ya wajabta ƙuri'ar raba gardama a wurare uku kacal: ƙirƙirar sabuwar jiha, ƙirƙirar sabuwar ƙaramar hukuma, da yi wa ɗan majalisa kiranye. Abin lura shi ne, gyaran shi kansa Kundin ba ya cikinsu. Sashe na 9 ya ce gyara yana bukatar biyu bisa uku na dukan 'yan kowane zaure na Majalisar Tarayya, wato sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360, tare da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Idan kuwa sashe na 8, ko na 9, ko babin 'yancin ɗan Adam za a taɓa, sai an sami huɗu bisa biyar, wato sanatoci 88 da wakilai 288.

Matakan Samun Sabuwar Ƙaramar Hukuma

Bari mu ƙaddara cewa mutanen wani yanki na Zurmi, kamar Moriki da ƙauyukanta, suna son tasu ƙaramar hukuma. Sashe na 8(3) ya gindaya matakai huɗu, kuma dole a bi su bi da bi.

Na farko, a kai wa Majalisar Dokokin Jiha buƙata wadda biyu bisa uku na 'yan majalisar jiha masu wakiltar yankin suka goyi baya, haka kuma biyu bisa uku na kansilolin yankin.

Na biyu, a yi ƙuri'ar raba gardama a ƙaramar hukumar da buƙatar ta taso, kuma aƙalla biyu bisa uku na jama'a su amince. A nan kaɗai talaka yake magana da bakinsa.

Na uku, a kai sakamakon gaban majalisun ƙananan hukumomin jihar, mafi yawansu su amince. A Zamfara ana bukatar 8 cikin 14 ke nan. Ashe kansilolin Gummi da Bukkuyum, waɗanda wataƙila ba su taɓa taka Moriki ba, suna da ta cewa. Dalili kuwa a fili yake: sabon baki a akushi yana rage rabon kowa.

Na huɗu, biyu bisa uku na 'yan Majalisar Dokokin Jiha su zartar da ƙuduri, wato 16 cikin 24.

Bayan waɗannan akwai ƙofa ta biyar. Sunayen ƙananan hukumomi da na yankunan Abuja, 774 gaba ɗaya, suna rubuce a Jadawali na Farko na Kundi, kuma sashe na 8(5) ya ce Majalisar Tarayya ce za ta yi dokar shigar da sabon suna. A kan wannan ne Jihar Legas ta yi tuntuɓe. Gwamnatin Bola Tinubu ta ƙara ƙananan hukumomi 37 a kan 20 da ake da su, sai gwamnatin Shugaba Obasanjo ta riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar. A watan Disamba na 2004 Kotun Ƙoli ta yanke cewa Shugaban Ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma kuma sababbin ƙananan hukumomin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta yi nata aikin. Daga ƙarshe Legas ta mai da su yankunan raya ƙasa. Tun 1999 ba a ƙara ko ɗaya a kan 774 ba. Idan aka kwatanta, ƙananan hukumomi 301 aka samu bayan gyaran 1976, suka kai 589 a 1991, sannan 774 a 1996, duk a hannun soja.

Gyaran iyaka kuwa daban yake. Idan ana son a cire wata gunduma daga Zurmi a haɗa ta da Shinkafi, sashe na 8(4) bai nemi ƙuri'ar jama'a ba. Wakilan ɓangarorin biyu da Majalisar Jiha sun wadatar. Manomi na iya kwana a wata ƙaramar hukuma ya wayi gari a wata, ba a tambaye shi ba.

Biyu Bisa Uku na Su Wane?

Duk ɗalibin da ya yi darasin kaso ya san cewa ba a cewa "biyu bisa uku" a yi shiru, sai an faɗi na mene ne. Mu ɗauki misali na ƙirƙira: ƙaramar hukuma mai masu rajista 100,000. Ranar ƙuri'a mutum 30,000 suka fito, 21,000 suka ce i. Idan da waɗanda suka fito aka auna, an sami kashi 70 cikin 100, an haye. Idan kuwa da masu rajista aka auna, kashi 21 ne kawai, an faɗi warwas, domin ana bukatar mutum 66,667. A lissafi na biyu, duk wanda ya zauna a gida tamkar ya ce a'a ne. Sashe na 8 ya ambaci "jama'ar" yankin ne kawai, kuma wannan kalma tana iya ɗaukar fassara fiye da ɗaya.

Tsarin mulkin 1960 bai bar wannan ƙofa a buɗe ba. Lokacin da aka nemi cire Yankin Tsakiyar Yamma daga Jihar Yamma, sharaɗin shi ne kashi 60 cikin 100 na dukan masu rajista su amince. An yi ƙuri'ar a watan Yuli na 1963, aka zarce sharaɗin, aka kafa yankin a watan Agusta. Har yau shi kaɗai ne yanki ko jiha da aka kafa a Nijeriya ta wannan hanya. Kafin nan, a watan Fabrairu na 1961, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ido a kan ƙuri'ar da mutanen Arewacin Kamaru, irin su Mubi da Gwoza da Ganye, suka zaɓi shiga Nijeriya da kusan kashi 60 cikin 100, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna.

Kiranye ma da masu rajista ake auna shi. Sashe na 69 da na 110 sun ce sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu a takardar koke, Hukumar Zaɓe ta Ƙasa ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'a cikin kwana 90. Yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma kiranye ya watse a matakin tantancewa a 2018, na Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya kuwa a 2025 bai kai rabin masu rajista ba.

Muhimmancin Lokaci

A ɗakin gwaji muna koya wa ɗalibai cewa wanda ya ɗebi ruwan rafi da rani kaɗai ba zai ce ya san halittun rafin ba. Waɗanda suka fito ranar ƙuri'a ɗiba ce daga cikin jama'a, kuma ranar da aka zaɓa ita ce ke nuna wa zai shiga cikin ɗibar. A sa ƙuri'a a tsakiyar damina, manomi yana gona. A sa ta da rani, 'yan ci-rani sun tafi. A yankin Zurmi da Shinkafi kuma, hare-haren 'yan bindiga na shekarun nan sun raba mutane da yawa da ƙauyukansu, alhali katin zaɓensu na rumfar can ne. Sashe na 8 bai ƙayyade rana ko wa'adi ba, saboda haka wanda ya sa rana yana da hannu a sakamako tun ba a buɗe akwati ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga wata fuskar matsalar. A 2009 Shugaba Mamadou Tandja ya nemi ƙarin shekara uku ta hanyar sabon kundi. Kotun Tsarin Mulki ta ce ƙuri'ar ta saɓa doka, sai ya rushe kotun, bayan ya riga ya rushe majalisa. Aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta, 'yan adawa suka ƙaurace, aka ce ta haye. Ranar 18 ga Fabrairu, 2010 soja suka kifar da shi. Tambayar jama'a ba bisa ƙa'ida ba ba ta raba gardama, ƙara ta take yi.

Kammalawa

Mun ga cewa a wurare uku ne doka take komawa ga jama'a kai tsaye, kuma ko a nan ƙuri'arsu mataki ɗaya ce cikin matakai. Sauran al'amura, har da dokar da ƙaramar hukuma take tafiya a kanta, suna hannun wakilai. Saboda haka zaɓen kansila da na ɗan majalisar jiha, waɗanda mutane suka fi rainawa, su ne mabuɗin matakin farko.

Ga malamai, ga aiki na aji: a ba ɗalibai yawan masu rajista na mazaɓarsu, su fitar da rabi, da biyu bisa uku, da huɗu bisa biyar. Ɗalibin da ya yi wannan lissafi da hannunsa, ranar da ɗan takara ya zo dandali yana alkawarin sabuwar ƙaramar hukuma, zai iya tambayarsa: kansiloli nawa ka samu, kuma daga ƙananan hukumomi nawa?