Gabatar da ƙasida a taron masana kan haɗa bayanai don yanke shawara

1. Gabatarwa

Wannan takarda ta shafi ɗalibai da ma'aikatan kwamfuta da aka ba dama su tsaya gaban taron masana su yi bayanin aikinsu. Fannin da muke nufi shi ne wanda ake kira informatique décisionnelle da Faransanci, wato tattaro bayanan wata ma'aikata daga wurare daban-daban, a daidaita su, a fitar da alƙaluman da shugabanni za su dogara da su wajen yanke shawara. Galibin wannan aiki a ɓoye yake. Rahoton ƙarshe kaɗai ake gani. Idan mai jawabi ya tsaya ga nuna kyakkyawan rahoto, masu sauraro za su koma gida ba su san inda kuskure yake shiga ba, alhali kuwa abin da ya kawo su ke nan.

2. Asalin fannin da tarurrukansa

A 1958 Hans Peter Luhn, ma'aikacin kamfanin IBM, ya wallafa wata maƙala kan tsarin da zai riƙa tattara bayanai yana rarraba su ga masu bukata a cikin ma'aikata. A 1970 Edgar Codd ya kawo hanyar ajiye bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna. Littafin Bill Inmon na 1992 da na Ralph Kimball na 1996 su suka yaɗa batun rumbun bayanai, kuma sun saɓa wa juna. Inmon yana ganin a fara gina babban rumbu ɗaya na ma'aikata duka, sannan a fitar da ƙananan rumbuna daga cikinsa. Kimball kuwa yana ganin a fara da harka ɗaya, kamar sayarwa, a tsara ta da siffar tauraro: jadawalin alƙaluma a tsakiya, jadawalan lokaci da wuri da kaya suna kewaye da shi. Ya kamata mai jawabi ya faɗi hanyar da ya bi tun da farko, domin za a tambaye shi.

Tarurrukan iri biyu ne. Akwai na bincike, kamar VLDB da aka fara a 1975, da CARI, taron Afirka kan binciken kwamfuta, da aka fara a Yawunde a 1992, da EDA na masu magana da Faransanci da aka fara a Lyon a 2005. A nan kwamiti yakan karanta cikakkiyar ƙasida kafin ya karɓa, kuma sabon sakamako ake nema. Akwai kuma na ma'aikata, kamar babban taron ƙungiyar PASS, wadda ta yi taronta na farko a Shikago a 1999 ta kuma rufe a 2021, da tarurrukan SQL Saturday da aka fara a Orlando a 2007. A nan gajeren tsakure ake aikawa, kuma dabarar da mutum zai iya amfani da ita a wurin aikinsa ake nema. Ƙasidar da ta dace da wancan ba lalle ta dace da wannan ba.

3. Zaɓen batu

Aikin haɗa bayanai mataki uku ne: ɗibowa daga tushe, gyarawa, da zubawa cikin rumbu. A mataki na biyu wahalar take, kuma a nan ya fi kyau a samo batun jawabi. Matsala ɗaya da aka bi har ƙarshenta ta fi goma da aka ambata a guje. Ga misalai uku.

Na farko, rubutun lamba da kwanan wata. Lambar 1,250 ɗaya da kwata ce a rubutun Faransa, amma dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ce a rubutun Amurka. Haka nan 03/04 uku ga Afrilu ne a can, huɗu ga Maris a nan.

Na biyu, canjin kuɗi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Wanda ya juya cinikin 1993 da na 1994 da farashin canji ɗaya, to alƙaluman shekara ɗaya za su ninka ko su ragu da rabi.

Na uku, canjin iyakokin mulki. A 2002 abin da ake kira département a Nijar ya koma région, arrondissement ya koma département. A 2011 kuma yawan département ya tashi daga 36 zuwa 63. Idan aka goge tsohon suna aka rubuta sabo, tarihi ya ɓace. Maganin da Kimball ya bayyana shi ne a ƙara sabon layi, kowane layi da ranar farawarsa da ta ƙarewarsa.

4. Gwaji gaban jama'a

Masu sauraro sun fi gaskata abin da suka ga yana aiki. Amma gwaji yana da sharuɗɗa. A yi shi da bayanai kaɗan da za su gama gudu cikin daƙiƙoƙi. A ajiye kome cikin kwamfutar mai jawabi, kada a dogara da intanet na zauren taro. A ƙara girman rubutu yadda na bayan zaure zai iya karantawa. A ɗauki hotunan kowane mataki tun a gida, saboda tsaro. Mafi muhimmanci, kada a haska bayanan gaskiya na mutane, kamar albashi ko sunayen marasa lafiya. Duk wanda yake zaure yana iya ɗaukar hoton allo. A ƙirƙiri bayanan gwaji masu kama da na ainihi.

A nuna alƙalumin da bai yi daidai ba tukuna, a bar jama'a su ga ɓarnar, sannan a nuna gyaran. Idan an ce wata hanya ta fi sauri, a faɗi yawan layukan da aka gwada da irin na'urar.

5. Kammalawa

A bar lokacin tambayoyi, a kuma maimaita kowace tambaya da ƙarfi kafin a amsa. Tambayar da ba a san amsarta ba, a ce ba a sani ba, a yi alkawarin bincikowa, domin wani zai ɗauki amsar ya gina rumbunsa a kanta. A ƙarshe a bar wa masu sauraro bayanan gwajin da matakan gyaran, don su sake gwadawa da kansu.