Yadda A Ke Kafa Maƙera

Kowane manomi ya san lokacin da fartanya ta kan karye. Ba ta karyewa da rani, sai ana tsakiyar noma, ciyawa tana neman cinye gero. In babu maƙeri a ƙauyenku, sai ka jira ranar kasuwa, ko kuwa ka yi tafiyar yini guda saboda gyaran da bai fi na sa'a ɗaya ba.

A ƙasar Hausa ƙira gado ce. Amma wanda bai gada ba yana iya koyo, in ya zauna wurin maƙeri ya yi masa zuga, ya ga yadda hannunsa ya ke tafiya. In ka yi haka, har ka so kafa taka maƙerar, ga yadda za ka yi.

Da fari sai ka zaɓi wuri. Ka nisanci rumbu da danga da ɗakin ciyawa, gama tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye unguwa da hunturu. Ka kafa rumfa mai tsawo, ka bar gefenta a buɗe. Kada ka yi ƙira cikin ɗaki rufe. Gawayi yana fid da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari, tana kuwa kashe mutum. Amma inuwa dole ce, domin a cikin rana ba ka iya ganin jan ƙarfe sosai. Ka ajiye tulun ruwa kusa.

Sa'an nan ka haƙa ɗan rami a ƙasa, faɗinsa taƙi ɗaya, zurfinsa rabin taƙi. Nan wuta za ta zauna. Ka kwaɓa yumɓu ko ƙasar suri da ƙaiƙayi, ka shafe ramin. A gefe ɗaya ka ta da ɗan bango, tsawonsa kamar kamu guda, domin ya kāre mai zuga da kayan zuga daga zafi. Kada ka sa siminti ko dutsen rafi. In suka sha wuta su kan fashe, su watso maka a fuska.

To, yanzu mun zo ga babban aiki, watau iska. Me ya sa wutar murhu ba ta tausasa ƙarfe, amma ta maƙera tana yi? Abin da ya bambanta su shi ne zuga. Cikin iskar da mu ke shaƙa akwai wani kashi, wajen 1 cikin 5, wanda a ke kira oksijin. Shi ne abincin wuta. In ka tura mata shi da yawa, sai ta ci gawayi da sauri, zafinta ya hau. Ruwa yana tafasa a digiri 100, ƙarfe kuwa ba ya yin laushi sosai sai ya kai wajen digiri 1,000. Ba zuga, ba ƙira.

Hanyar da iska za ta bi ita ce bakin wuta. Ka sami sanda mai kaurin babban yatsa, ka naɗe ta da yumɓu mai kauri, tsawon taƙi ɗaya. Ka buɗa bayansa ya yi faɗi kamar mazurari, gabansa kuwa ya tsuke. Ka zare sandar, ka shanya shi a inuwa 'yan kwanaki. In ka yi gaggawa ka sa shi ɗanye, zai tsage ran farko. Da ya bushe sai ka ratsa shi ta gindin bangon nan, ya ɗan sunkuya ƙasa, bakinsa ya leƙa cikin ramin. Iska ta shiga gindin gawayi a ke so. In ta bi ta sama, sai ta watsa toka kawai.

Zuga-zugi da fatar akuya a ke yi, guda 2. A jeme su su yi laushi, a ɗinke kowace ta zama kamar jaka. A ƙarshe ɗaya a ɗaura guntun bututun ƙarfe, a matse shi sarai. Ɗaya ƙarshen a bar shi a buɗe, nan mai zuga zai riƙe. In ya ɗaga sai ya buɗe hannu, iska ta cika fata. In zai danna sai ya rufe, iska ta fita ta bututu. Me ya sa 2? Domin in dama tana shaƙa, hagu tana hurawa, iska ba ta yankewa. Ka riƙa shafa wa fatar mai, kada ta bushe ta tsage.

Ga wani abu da sabon koyo ya kan yi kuskurensa. Kada ka liƙe bututun da bakin wuta. Ka bar ɗan tsakani kamar faɗin yatsa. In ka liƙe, fata tana iya zuƙo wuta ta ƙone, ka yi hasarar akuya a banza.

Yanzu maƙera da yawa sun koma ga fanka. Su kan kafa ƙafar keke, su ɗaura mata bel zuwa wata 'yar fanka da ke cikin gidan kwano. Juyi ɗaya na ƙafar keken ya kan juya fankar sau da yawa, yaro ma yana iya yi ba gajiya. Tana da kyau, amma sai an yi hankali, gama iskarta ta kan yi yawa ta cinye gawayi. Ko wanne ka zaɓa, kada ka sa bututun ruwa mai farin shafe kusa da wuta. Hayaƙin shafen nan yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Gawayin ƙirya maƙera suka fi so, don yana da nauyi, yana daɗewa. Ƙirya ta yi ƙaranci a wurare da yawa, saboda haka ka nemi busasshiya, ka bar ɗanya ta girma. Ka farfasa gawayin kamar girman goro.

Uwar maƙera kuwa, kowane babban ƙarfe mai shafaffen kai ya isa a fara da shi. Ka kafa shi cikin gungume, ka binne gungumen kusa da wuta, inda hannunka zai kai ba sai ka tashi ba. Ka tanadi masaba da awartaki.

Ran gwaji, ka kunna wuta da karare, ka zuba gawayi, a fara zuga a hankali. Ka sa guntun ƙarfe a tsakiyar garwashi, ba a bakin iska ba, gama nan sanyaya shi za ta yi. Ka duba launinsa. Zai yi ja, sa'an nan ya yi ruwan goro, sa'an nan rawaya. Tsakanin ruwan goro da rawaya a ke bugu. In ya yi fari yana tartsatsi, ya fara ƙonewa, a tsai da zuga. In kuwa ana ta zuga wuta ba ta tashi, ka duba bakin wuta, watakila kashin maƙera ya toshe shi. Ka tsokale shi da waya.

Kada ka fara da fartanya. Ka fara da ƙusa ko ƙugiya, har kai da mai zuga ku san hannun juna.