Dalilin da ya sa kamfanoni ke sauya saƙonnin gargaɗi a manhajojinsu

Akwatin gargaɗin da ke ɓullowa a fuskar kwamfuta shi ne shinge na ƙarshe kafin ma'aikaci ya goge bayanan albashi bisa kuskure.

Akwatin asali na harshen JavaScript ba ya karɓar sauyin launi ko na rubutun maɓallansa, domin burauza ce ke zana shi. Saboda haka masu haɗa manhajojin kamfanoni ke gina nasu, wanda zai fayyace abin da zai faru, maɓallinsa kuma ya ce "Goge fayil" maimakon "OK".

Sai dai yawan gargaɗi kan sa ma'aikata latsawa ba tare da karantawa ba, shi ya sa ya dace a keɓe shi ga matakin da ba a iya warwarewa.