Kwinin Ba Ya Warkar da Taifot

Idan damina ta kankama, zazzaɓi yakan kwantar da manomi daidai lokacin da gona take bukatarsa. Da yawa cikinmu sai mu ce sauro ne, mu aika yaro ya sayo ƙwaya. To, 'yan'uwa, ku saurari abin da ya faru a Amurka.

A shekarar 1862, lokacin yaƙin basasar ƙasar, wani likitan soja mai suna Joseph Woodward ya ce akwai ciwon da ya haɗa zazzaɓin cizon sauro da taifot wuri ɗaya. A zamanin, kwinin ne babban maganin zazzaɓi, ana samunsa daga ɓawon wani itace na Kudancin Amurka. Likitoci suka yi ta ɗirka wa masu zazzaɓi kwinin.

A 1898 Amurka ta yi yaƙi da Sifen. Sojoji kimanin 20,000 suka kamu da taifot a sansaninsu, fiye da 1,500 suka mutu. Gwamnati ta naɗa likitoci 3 su bincika, Walter Reed ne shugabansu. Suka tarar an rubuta wa masu taifot da yawa cewa ciwon sauro ne. Ashe ƙazantar masai ce ta yaɗa cutar, ta hannuwa da ƙudaje zuwa abinci.

Dalili kuwa shi ne, cututtukan nan biyu ba danginsu ɗaya ba. Ƙwayar ciwon sauro tana shiga jini ta cizo, kwinin kuma yana kashe ta. Ta taifot kuwa ta baki take shiga, cikin ruwa ko abincin da bayan gida ya taɓa. Kwinin ba ya yi mata komai, haka ma kulorokwin. Idan aka bar ta har mako na 3, takan huda hanji, sai an yi tiyata.

Saboda haka, a gwada jini kafin a sha magani. In an sha maganin sauro kwana 3 zazzaɓi bai sauka ba, musamman da ciwon ciki da kasala, a kai mutum asibiti, kada a jira ranar kasuwa.

A taronku na gaba, ku auna nisan masai da rijiya, ya kai mita 30. Ku rufe bakin rijiya, ku tafasa ruwan sha, ku wanke hannu da sabulu. Rigakafi ya fi magani.