Ciwon damuwa da mai kama da shi: abin da ya kamata mutanen Malanville su sani kafin sayen magani

Duk wanda ke Malanville yana neman likitan ƙwaƙwalwa, tafiya ce a gabansa. Akwai asibitin yanki na Malanville da Karimama, amma sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa da aka fi sani a arewacin Benin yana asibitin koyarwa na Parakou, sama da kilomita 300 daga nan. Babban asibitinsu na ƙasa, wato Jacquot, yana Kwatano, sama da kilomita 700. Gaya ta Nijar ga ta nan a tsallaken Kwara, sai dai rufe gadar da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya mayar da jama'a ga kwale-kwale, kuma ba kowane maras lafiya ake iya ɗorawa a kai ba. Saboda haka hukuncin farko a gida ake yanke shi, a bakin uwa ko miji ko babban wa. Wasu su ce iska ce, a nufi wajen malam. Wasu su ce tunani ne ya yi yawa, a aiki yaro ya sayo ƙwayar barci a tebur.

Ciwon damuwa ya wuce ɓacin ran da kowa ke yi in ciniki ya tsaya ko an yi rashi. Likita na duba abubuwa biyu tun farko: ƙuncin zuciya kusan kullum, da mutuwar sha'awar abin da mutum ya saba so, har na tsawon mako 2 ko fiye. Sauran alamomin na biyo baya. Barci ya ƙaurace, musamman farkawa tun kafin kiran assalatu, ko kuma barcin ya yi yawa. Abinci ya fita rai, jiki ya mutu, hankali ya kasa tsayawa wuri ɗaya, mutum ya riƙa ganin shi kaya ne a wuyan iyalinsa, wani lokaci har ya riƙa ganin mutuwa ta fi masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo a kusan miliyan 280 a 2019, ta kuma ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi sama da kashi 75 cikin 100 ba sa samun wani magani.

A wajenmu da wuya maras lafiya ya zauna gaban likita ya ce zuciyarsa ce a ƙuntace. Abin da zai ce shi ne kansa na zafi, ƙirjinsa na bugawa, wani abu na yawo a jikinsa. Sai a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, a ƙara da na taifot, a yi ƙarin ruwa, wata ya zagayo yana nan yadda yake. Babu gwajin jini ko hoton da ke nuna ciwon damuwa. Da tambaya da sauraro ake gane shi. Jinin da ake ɗiba don a kawar da wasu cututtuka ne masu kwaikwayonsa, kamar ƙarancin jini, da matsalar maƙoƙo, da cutar ƙanjamau.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda kuma aka fi tsallakewa, ita ce: shin wannan mutum ya taɓa shiga akasin wannan hali?

Ɗauki misalin ɗan kasuwar albasa wanda yau yake kwance a ɗaki, ba ya ko amsa sallama. In ka tambayi matarsa da kyau, za ta iya tuna cewa bara waccan ya yi kwanaki yana barcin awa biyu ba tare da gajiya ba. Magana ba tsayawa, daga wannan zance ya faɗa wancan. Ya ci bashi ya yi lodin da ya fi ƙarfin jarinsa, ya yi ta rabon kuɗi a tasha, ya ce zai sayi rabin kasuwa, duk wanda ya ce masa a'a ya zama abokin gaba. A lokacin cewa aka yi buɗi ne ya zo, ko kuma an yi masa sammu. In irin wannan ɗoki ya kai mako guda yana ɓata wa mutum harkokinsa, to ciwon hawa da sauka ne, wanda likitoci ke kira bipolar, kuma ƙiyasin 2019 ya ce mutum miliyan 40 ke da shi a duniya. Shi maras lafiyar ba zai kawo wannan labari da kansa ba, don a wurinsa lokacin ne ya fi jin daɗin rayuwa. Dangi ne za su faɗa. Shi ya sa wanda zai raka shi asibiti ya kamata ya zama wanda ya san shi shekara da shekaru, kada a bar wa maƙwabcin da ke da babur kawai.

Dalilin nacewa a kan wannan tambaya shi ne maganin ciwukan biyu ya sha bamban. In aka ba mai hawa da sauka maganin damuwa shi kaɗai, yana iya tunzura shi ya koma cikin ɗokin nan, har ya fi na baya muni.

In damuwa ce zalla kuma ba ta yi tsanani ba, ana iya farawa da zama da ma'aikacin lafiya ana tattaunawa, da komawa aiki sannu a hankali, ba tare da ƙwaya ba. In ta yi nauyi, magungunan da aka fi samu a yankinmu biyu ne: amitriptyline, wanda a kantunan magani na Benin da Nijar aka sani da Laroxyl, da fluoxetine. Ba sa aiki kamar maganin ciwon kai. Sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin a ga cikakken amfaninsu, alhali bushewar baki da jiri da tashin zuciya tun makon farko suke zuwa. A nan mutane da yawa ke yarwa su ce bai karɓe su ba. Wasu kuma da zarar sun ji sauƙi sai su daina, ciwon ya dawo. Jagorar mhGAP ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka tsara don ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, ta ce a ci gaba da sha wata 9 zuwa 12 bayan an warware, sannan a rage sannu-sannu. Amitriptyline bai dace da mai ciwon zuciya ba, kuma shan sa da yawa a lokaci guda na kisa, don haka a hannun wani babba a gida ya kamata ya zauna. Mai shan tramol ya faɗa wa likita gaskiya, domin haɗa shi da waɗannan magunguna na iya jawo farfaɗiya.

Mai hawa da sauka kuwa maganin daidaita hali yake buƙata, sau da yawa na shekaru. Mafi daɗewa shi ne lithium, wanda likita John Cade ya nuna amfaninsa a Ostireliya a 1949. Magani ne mai kyau ƙwarai, har yana rage haɗarin kashe kai, amma tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa tazara kaɗan ce. Dole a riƙa auna shi a jini, a duba ƙoda da maƙoƙo. Ga mutumin Malanville wannan ba ƙaramin zance ba ne. Zafin Maris zuwa Mayu, da gumi a gonar shinkafa, da gudawa, da azumi, da shan diclofenac ko ibuprofen don ciwon jiki, duk suna iya sa maganin ya taru a jini. Rawar hannu mai ƙarfi, amai, tangaɗi da lauyewar harshe alamun guba ne; a tsayar da shi a garzaya asibiti. A ganina, inda babu ɗakin gwajin da zai riƙa aunawa, bai kamata a fara shi ba.

Akwai madadinsa. Valproate, wato Dépakine, na aiki, amma yana nakasa jariri a ciki, don haka ana kauce masa ga macen da za ta iya ɗaukar ciki. Carbamazepine, wato Tégrétol, na raunana ƙwayar tazarar haihuwa, kuma in ƙuraje suka feso bayan fara shi a koma wajen likita a ranar. Lokacin da ɗokin ya tashi ana amfani da haloperidol ko risperidone ko olanzapine don kwantar da shi. Mai jego da ta daina barci, ta rikice cikin makonnin farko bayan haihuwa, asibiti za a kai ta nan take, don ita da jaririn duk suna cikin haɗari.

Addu'a da tofi ba sa karo da ƙwayar likita, kuma babu mai cewa a bar su. Abin da ya kamata a bari shi ne mari da duka da hana abinci. Grégoire Ahongbonon, ɗan Benin da ya kafa ƙungiyar Saint Camille, ya shafe shekaru yana kwance sarƙa daga ƙafafun irin waɗannan bayin Allah, kuma ƙungiyar na da cibiyoyi a Avrankou da Bohicon da Djougou. Da yawa daga waɗanda aka kwance sun samu sauƙi da magani, wasu ma su ne ke kula da sababbin zuwa.

In ɗan'uwanku ya fara cewa ya gaji da duniya, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum ra'ayin. Kada a bar shi shi kaɗai. A kwashe maganin ƙwarin auduga da na shinkafa daga gidan, a kulle sauran ƙwayoyi. Sannan ku kai shi asibitin da ya fi kusa a ranar, ku tafi da duk takardu da kwalayen maganin da ya taɓa sha, ku ba likita labarin kwanakin ƙunci da na ɗoki duka, ku kuma nemi takardar turawa Parakou in abin ya fi ƙarfin wurin.